Rediyon Oba-oba a Motar Hajiya

Da muka tare a Port Richmond, gidan da muka kama mai hawa biyu ne, mu a sama, su Hajiya a ƙasa. Ni daga Kano na zo, ina aikin kula da marasa lafiya a wani asibiti, maigidana kuma kullum da safe yake bin jirgin ruwa ya tsallaka Manhattan wajen karatunsa. Su Hajiya mutanen Maraɗi ne. Sun daɗe a ƙasar nan, har 'ya'yansu sun girma sun bar gida. Tun ranar da muka fara gaisawa a bakin ƙofa ta sa mini suna Bakanuwa, kuma ba ta taɓa sauya shi ba.

A gaban gidan akwai wata tsohuwar akori-kura ruwan toka, wadda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye mata gefen tayoyin baya. Ta mijin Hajiya ce, Alhaji. Shi direban tirela ne tun yana saurayi, ya yi hanyar Kwatano zuwa Maraɗi, ya zo nan ma ya ja manyan motoci shekara da shekaru, kafin ya sayi wannan ya koma cin gashin kansa. Yana ɗauko shinkafa da manja da doya daga manyan dillalai a New Jersey, ya rarraba wa shagunan 'yan Afirka a unguwarmu da Harlem da Bronx. Kafin mu zo gidan, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannunsa na dama ya lanƙwashe, na hagun yana rawa, magana kuma ta yi masa nauyi, sai ya yi ta kokawa da kalma ɗaya kafin ta fito.

'Yan'uwa da abokan arziki duk sun ba da shawara a sayar da motar. Hajiya ba ta yi musu da kowa ba. Ita a da turaren wuta da atamfa take sayarwa a cikin falonta, ta haura shekara hamsin, ta je ta koyi tuƙi, ta faɗi jarrabawa, ta koma, ta ci. Daga nan ta bi shagunan ɗaya bayan ɗaya ta ce musu kayansu za su ci gaba da zuwa. Ina leƙowa ta taga da safe in gan ta, ta cusa ƙasan hijabinta cikin rigar sanyi, ta ɗora matashi a kujerar direba don ta hango gaba sosai, ta kama ƙofa ta haye. Ban taɓa ganin ta yi gaggawa ba, ban kuma taɓa jin wani mai shago ya ce ta makara ba.

Abin da ya dame ta shi ne barin Alhaji shi kaɗai a gida. Akwai waya, amma wayar zamani ta gilashi ce, tana son yatsa mai natsuwa. Idan ta kira shi, sai ya yi ta shafa fuskar wayar, ta ƙi ɗauka, ko ta suɓuce masa. Sun gwada mai madannai, madannan suka yi masa ƙanana. Sun gwada wadda ake yi wa magana ta amsa, ba ta gane muryarsa ba.

Wata rana ina hutu a gida ta kira ni daga New Jersey. Ta ce ta yi ta kiransa bai ɗauka ba, in taimaka in sauka in duba mata shi. Muryarta a daidai take, amma na ji yadda take numfashi. Na sauka da mabuɗin da ta ba ni ajiya, na tarar da shi lafiya lau, yana zaune a bakin kujera, yana ƙoƙarin jawo wayar daga ƙarƙashin tebur da sandarsa. Ya haɗa gumi. Da na miƙo masa ita, bai karɓa ba, sai ya kawar da kai.

Da yamma Hajiya ta hawo sama da kwanon fura. Bayan mun gaisa ta ce Alhaji ya faɗi abin da yake so, kuma ita ma ta yarda. Rediyon oba-oba yake so, irin wanda direbobin manyan motoci suke magana da juna da shi a kan hanya. Ya yi aiki da shi lokacin da yake jan tirela. Ba a buga lamba, ba a shafa komai. Abin maganar yana da madanni guda babba a gefe, ka damƙe shi da hannu gaba ɗaya ka yi magana, ka saki ka saurara. Za a sa ɗaya a mota, ɗaya a gida kusa da kujerarsa.

"Bakanuwa, ke za ki raka ni mu sayo," in ji ta. "Turancina na lodi da sauke kaya ne. Wanga abu kuwa ina so in gane shi da kyau kafin in biya."

Na ce mata ni ban san komai a kansa ba, a wajen 'yan sanda kawai na taɓa ganin irinsa. Ta ce ba sani take nema a wajena ba, baki take nema.

Alhaji ya dage sai ya bi mu. Tun da ya kwanta ciwo bai sake shiga motar ba, saboda tsayinta. Mu biyu muka tallabe shi, Hajiya ta ɗaga masa ƙafar dama, har ya zauna a kujerar mai zaman banza, ni kuma na matse a tsakiya. Duk tsawon hanyar idonsa na kan hannunta da sitiyari. Na yi zaton zai yi ta gyara mata tuƙi, amma bai gyara mata ba. Sai da muka isa wani babban filin da tireloli ke yada zango, ta juya motar da baya ta shige tsakanin wasu biyu ba tare da ta sake gyarawa ba, sannan ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Ita ta yi kamar ba ta ji ba, ta zare mabuɗi.

Shagon rediyon ɗan ƙarami ne a gefen filin, cike da wayoyi da dogayen eriyoyi a jingine kamar raken da aka kawo kasuwa. Mai shagon wani dattijon Bature ne mai farin gemu. Da farko ni yake yi wa bayani, tunda ni nake Turanci. Da ya lura da mabuɗin da ke hannun Hajiya, sai ya juya ya fuskance ta, ya ci gaba da yi mata magana kai tsaye, ni ina fassarawa daga gefe.

Ya jera mana iri-iri a kan kantar shagon. Akwai na riƙewa a hannu, akwai ɗan ƙarami wanda bai fi littafi ba, akwai wani babba mai sheƙi da fitilu da abubuwan murɗawa barkatai. Ni wannan babban ya ɗauki hankalina, har na ce wa Hajiya da gani shi zai fi ƙarfi. Na tambayi mutumin, ya girgiza kai. Ya ce doka ta ƙayyade ƙarfinsu duka, da babban da ƙaramin nisa ɗaya za su kai. Idan mutum yana son muryarsa ta yi tafiya, to ya mai da hankali kan eriya da yadda aka ɗaura ta. Sannan ya shiga tambayar Hajiya: wace hanya take bi, ina take ajiye mota da dare, akwai wuri a ƙarƙashin gaban motar, kaya na yin tudu a baya ko ba sa yi.

Na bayyana masa ainihin abin da ake so, cewa ta riƙa magana da mijinta da ke gida. Ya ce ba zai ɓoye mana ba, wannan rediyo ba waya ba ne. Mil kaɗan yake kaiwa, kuma a cikin birni gine-gine suna shanye muryar. Daga Harlem ko Bronx ba za ta same shi ba ko kusa. Na fassara mata. Ta sauke abin maganar da ta ɗauka, ta tsaya tana kallon kantar.

Alhaji ne ya buga sandarsa a ƙasa. Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa, muka jira. Mai shagon ma ya jira. Can ya ce, da Turanci, "Gada." Ya nuna sama da hannunsa mai rawa, sannan ya shimfiɗa tafin hannun ya ce, "Ruwa."

Mutumin ya gane kafin ni. Ya tambaya ko gidan yana kusa da babbar gadar nan ta Bayonne. Na ce daga tagarmu muna ganinta, kusan a ƙarƙashinta muke. Ya ce to magana ta sauya. Daga saman gadar za ta same shi tangaram. Daga ɗakunan ajiyar kaya da ke ɗaya gefen ruwan ma akwai yiwuwa, domin ruwa ba ya tare murya kamar yadda bango ke yi, muddin an ɗaga eriyar gidan sama. A can Hajiya take yin rabin yininta wajen lodi. Ta ce wannan ya ishe ta.

Yadda ta yi zaɓin ya tsaya mini a rai. Ba ta kalli sheƙi ba. Ta sa aka fito da abin magana na kowane rediyo, tana ɗora wa Alhaji a hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, tana kallon yatsunsa. Wani madanninsa ya yi tauri, wani ya yi santsi yana zamewa. Da aka zo kan wani mai faɗi da madanni mai laushi, ya damƙe, ya saki, ya sake damƙewa, sai ta ce wannan. Na gida ta ɗauki mai manyan lambobi masu haske, tare da ɗan akwatin da ke mai da wutar gida irin ta batir. Na mota kuwa ta ɗauki ƙaramin nan mai abin murɗawa biyu kawai da na sauya tasha. Ta ce idonta na titi ne, ba ta da lokacin kallon fitilu.

A kan eriya aka daɗe. Mai shagon ya fito ya zagaya motar. Ya manna wata mai maganaɗisu a rufin, ta kama ƙam, ya ce wannan ita ce mafi sauƙi, ba huda ba ƙusa, amma tana goge fenti. Hajiya ta dubi fentin motarta ta yi dariya. Matsalarta ita ce ƙofofin ɗakunan ajiya, wasu gajeru ne, za su riƙa tuge ta daga rufin. Alhaji ya nuna kusurwar bodin baya, dab da bayan kujerar direba. A ƙarshe aka tsaya kan doguwar eriya mai ƙarfen ɗaurewa, da sifirin a gindinta yadda in ta taɓa wani abu za ta lanƙwasa ta dawo, kuma ana iya kwance ta a shiga da ita gida don gudun masu ɗan hali. Mutumin ya ce a tabbata mafi yawan tsayinta ya wuce rufin motar.

Da za mu tafi ya ɗauko wata 'yar mita mai allura ya miƙa wa Hajiya. Ya ce da ita ake auna ko eriya ta daidaita da rediyo, kuma kada a kuskura a danna abin magana kafin a haɗa eriya, rediyon zai iya ƙonewa. Aro ya ba ta. Ya ce duk ranar da ta biyo ta nan ta dawo masa da ita. Bai tambayi lambar wayarta ba.

Ranar Asabar da hantsi aka fara aikin. Muka fito wa Alhaji da kujera bakin titi, aka lulluɓe masa gwiwoyi da bargo, sandarsa a hannu. Hajiya ta shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa ta jera sifana da sukundireba da filaya, da injin huda da ta aro. Maza biyu daga masallacin unguwa sun tsaya sun gaishe da Alhaji, suka ce Hajiya ta bari su yi mata. Ta yi musu godiya sosai, ta ce ita za ta riƙa tuƙa motar, in abin ya lalace a hanya ba za ta same su ba, gara ta san inda kowace waya ta bi. Suka yi mata fatan alheri suka wuce.

Ta fara da cire wayar batir, kamar yadda Alhaji ya nuna. Sannan ta shiga ta zauna a mazauninta, ni ina riƙe da rediyon ina matsar da shi nan da can a ƙarƙashin gaban motar, har muka sami inda hannunta zai kai ba tare da ta sunkuya ba, kuma ba zai bugi gwiwarta ba. Ta sa alama da jan-baki, domin ba mu da alli. Ta kunna injin huda, ta yi bisimilla, ta huda. Jar wayar wuta kuma sai da muka miƙe ƙarfen rataye kaya muka ɗaure ta a bakinsa, muka zura ta wani ramin roba da ke tsakanin inji da cikin mota, ita tana turawa daga ciki, ni ina leƙe a ƙarƙashin bonet ina jiran kan ƙarfen ya ɓullo. Ta haɗa fiyus kusa da batir. Wayar eriya ta bi da ita ta ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa, ta bayan kujera, ta fita ta wani ramin zuwa bodin baya.

Wayar ta yi saura da yawa. Ni da son tsari, sai na naɗe ragowar a hannuna, zagaye-zagaye ƙanana kamar igiyar shanya, zan ɗaure. Alhaji ya buga sanda. Na tsaya. Yana son ya yi bayani, bakinsa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ke fita. Na fara jero masa kalmomi don in taimaka, in yanke ne, in ja ne. Hajiya ta dafa hannuna. Ta tsuguna a gabansa, sifana a cinyarta, ta zuba masa ido kamar ba ta da wani aiki a duniya. Motoci na wucewa, iska na kaɗa bargon. Can ya ce, "Sako-sako." Ya zana dogon lanƙwasa a iska da yatsa, ya kai ya dawo. Nufinsa kada a naɗe ta da matsi, a shimfiɗa ta da tsayi a bayan kujera, in ba haka ba za ta ɓata muryar.

A asibiti kullum muna faɗa wa iyalan marasa lafiya su riƙa haƙuri, kada su ƙarasa musu magana. Ni kaina na sha faɗa. A ranar na ga yadda ake yi. Daga baya na lura ko sau ɗaya ba ta taɓa karɓe masa kalma daga baki ba, ko da ta san abin da zai ce, kuma galibi ta sani.

Aka ɗaura eriya, aka mayar da wayar batir, ta murɗa. Rediyon ya yi shuuu, sai ga muryoyin maza suna Turanci da sauri-sauri, ana ambaton hanyoyi da gadoji. Fuskar Alhaji ta saki. Amma da aka haɗa mitar nan aka danna, allurar ta tafi can cikin ja ta tsaya. Da aka tayar da inji kuma sai wani kuka siriri ya shigo, yana ƙaruwa in an taka totur. Hajiya ta duba kowace mahaɗa, ta ƙara ɗaure kowane noti, allura ba ta motsa ba.

La'asar ta yi, sanyi ya fara sauka, na ga leɓen Alhaji ya bushe. Na san Hajiya tana son ta ga ƙarshen aikin a ranar. Ta dube shi sau ɗaya, ta fara tattara kaya, ta ce ita ta gaji, bayanta na ciwo, sai gobe. Na san ba bayanta ba ne.

Washegari da safe ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce Alhaji ya kwana da abin a ransa, ya ce fenti ne. Ƙarfen da ke riƙe da eriyar yana zaune ne a kan fenti da tsatsa, bai taɓa ainihin jikin motar ba, kuma dole sai ya taɓa. Ta kwance shi gaba ɗaya, ta durƙusa a bodin baya da samfefa tana gogewa har farin ƙarfe ya fito, ta mayar, ta ƙara wata gajeriyar waya mai kauri daga nan zuwa ƙashin motar, ta shafe wurin da giris don kada ruwa ya shiga. Baƙar wayar rediyon ma ta sauya mata wuri, ta ɗaure ta a ƙarfe tsirara. Da ta tayar da inji, kukan ya ragu har sai ka kasa kunne za ka ji shi.

Daga nan muka tafi wani fili a bakin ruwa inda babu gini ko itace kusa, domin haka mai shagon ya ce a yi. Muka rufe ƙofofi, ta auna a tasha ta ɗaya, ta auna a ta arba'in. Kan eriyar yana da wani ɗan tsinke da ake zurawa ciki ko a jawo shi waje. Ni ce mai sauka in taka taya in sassauta, in matsar da shi kaɗan kamar faɗin farce, in dawo in rufe ƙofa, a sake aunawa. Na hau na sauka ba adadi. A hankali allurar ta riƙa ja da baya, har ta kwanta a inda ake so a duka tasoshin biyu. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ta ɓare goro ta ba ni rabi.

Saura na gida. Mai gidan hayarmu ya ce bai yarda a hau masa rufi ba. A bayan ɗakinmu na sama akwai ɗan baranda mai shingen ƙarfe da ke fuskantar gadar. Na yi wa maigidana magana, ya ce ai ko tambaya ba sai an yi ba. A nan aka ɗaure eriyar, waya ta sauko ta jikin bango ta shiga tagar su Hajiya. Ta ja ɗan tebur kusa da kujerar Alhaji ta hagu, ta ɗaura wa abin maganar igiya a hannun kujerar yadda ko ya suɓuce ba zai kai ƙasa ba. Suka zaɓi wata tasha da ba a cika hayaniya a cikinta ba.

Ni na zauna da shi ranar gwaji. Hajiya ta ja mota ta fita. Ba a jima ba muryarta ta fito daga teburin, kamar tana cikin ɗakin.

"Alhaji, kana jina?"

Ya damƙe abin maganar. "Ina ji."

Ta riƙa faɗin inda take, ta wuce shagon mai nama, ta kai fitilar kan kwana. Da ta shiga tsakanin gine-gine muryar ta fara yankewa, daga baya ta ɓace, sai shuuu. Na dube shi, ina tunanin abin da zan ce. Shi ko a jikinsa. Ya nuna mini taga da haɓa, inda bakan gadar yake tsaye a sama. Muka zauna muna kallo. Sai ga ta ta dawo, tas, ta fi ta farko ma fita. Ta ce tana saman gada, ga wani jirgin ruwa ɗauke da kwantenoni yana wucewa ta ƙarƙashinta, kuma akwai iska.

Alhaji ya gyara zama. "Riƙe dama," in ji shi. "Rage gudu. Bar tirela ta wuce."

Kalmomin sun fito a jere, da nauyinsu, amma ba tare da kokawa ba. Ta amsa da to. Na tashi na shiga kicin ɗinsu na ɗora ruwan shayi, domin na ga ba a buƙatata a wurin.

Daga ranar abin ya zama jiki. Da safe kafin ta fita, yakan murɗa zuwa tasha ta sha tara inda direbobin tirela suke, ya saurari inda aka yi cunkoso ko haɗari, ya gaya mata gadar da za ta bi. Bakin wasunsu ba shi da linzami, Hajiya takan ce tana jin su sai ta yi istigfari, amma labarin hanya a wajensu yake. In ta tsallaka Harlem ko Bronx ba sa jin juna, haka nan yake jira, ni kuma in ina gida ina leƙa shi. Sau ɗaya ruwan sama ya shiga mahaɗar eriyar baranda, aka yi kwanaki ba a ji sosai, har ta hau ta busar ta naɗe da salatif. Mitar ma ta mayar wa mai ita, haɗe da ƙullin turaren wuta na matarsa.

Wata rana na sauka auna masa jini, suna cikin magana da Hajiya, sai wani ya faɗo tasharsu. Ya ji yadda Alhaji yake jan kalma, ya fara kwaikwayonsa yana dariya. Alhaji ya saki madannin, ya ajiye hannunsa a cinya. Na ji kamar in fizge wayar daga bango.

Sai muryar Hajiya ta shigo, da Turancinta na lodi da sauke kaya, a hankali, ba tsawa. Ta ce wannan mijinta ne. Ya ja babbar mota a Afirka, ya ja a nan. Ba shi da lafiya, amma yana aiki, shi yake duba mata hanya. Ta ce tashar ta kowa ce, in mutum yana da magana ya yi, in ba shi da ita ya ba su wuri.

Mutumin ya ƙara wata maganar banza, muryarsa tana nisa har ta ɓace. Can wata murya daban, mai kauri, ta ce tana gaishe da dattijo, kuma tunda yana ganin gadar daga inda yake, yaya take a yanzu, ta bi ko ta zagaya. Alhaji ya daɗe yana kallon abin maganar. Sannan ya ɗauka, ya leƙa taga, ya ce da Turanci motoci na tafiya, hanya a buɗe take. Mai muryar ya yi godiya. Bayan wannan akwai direbobi biyu ko uku masu ɗaukar kwantena da kan leƙo tashar in sun zo wucewa, su tambayi Baba labarin gada. Matar da ke koya masa magana a asibiti ta ce bakinsa ya ƙara sakewa. Ban sani ba ko rediyon ne, ko lokaci ne ya yi.

Da maigidana ya gama karatu ya sami aiki, muka koma Morris Heights da ke Bronx. Kafin mu kwashe kaya Hajiya ta riga ta gana da waɗanda za su shiga ɗakinmu, wasu 'yan Mexico masu yara, ta kai musu dambun nama, suka ce eriya ta zauna inda take.

Yanzu akwai wani shagon 'yan Ghana kusa da mu da take kai wa kaya, don haka takan biyo. Ba ta zama. A tsaye take shan ruwa, ta ajiye mini doya biyu a bakin ƙofa, ta tambayi maigida. Zuwanta na baya-bayan nan ta ce mini akori-kurar ta fara shan mai da yawa, tana so ta sayi wadda ta fi ta girma, mai rufaffen baya, Alhaji kuma ya ce sam, wannan tana da sauran rai. Ta ce a gida ba sa tayar da zancen, sai ta hau gada suke yi, kowa ya danna ya faɗi nasa ya saki. Na ce ashe duk direbobin New Jersey suna jin rigimarsu.

"Su ji mana," in ji ta, tana gyara hijabi. "Wa ke jin Hausa cikinsu?"

Ta ce in gaida maigida, ta sauka da sauri don ta bar motar a inda ba a tsayawa.